Gorar babana da Sarki Ya'u ya ƙi miƙawa

Sarki Ya'u ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune a ƙofar gida, ko kofin shayin ban kai baki ba. Innalillahi. Wayar ma sai da ta suɓuce daga hannuna ta faɗi kan tabarma.

Kuma ku ji wanda ya bugo mini: Alhaji Buba. Mutumin da rabon da mu yi wa juna magana mai daɗi tun muna samari, tun ƙasar nan ba ta samu 'yancin kanta ba. Zan zo kansa a ƙarshe. An ce jana'iza sai bayan la'asar, ana jiran babban ɗan marigayin ya iso daga nesa, shi ne na ce kafin nan bari in zauna in rubuta. Ku yi haƙuri da tsawon abin, tsoho ne ke danna waya da yatsa ɗaya, kuma zuciyarsa a cike take.

Yaran da ke bin shafin nan ba ku san shi ba. In ma kun san shi, to wani dogon tsoho kuka sani mai rediyo manne a kunne, a ƙauyenmu na bakin kogi, kan tsohuwar hanyar Azare zuwa Katagum. Ba hakimi ba ne, ba dagaci ba ne, bai taɓa shiga ofis ba.

Sarkin fito ne. Kuma ni ban ga sarki irinsa ba.

Kafin a yi gada, in damina ta yi nisa kogi ya kawo, duk mai son ƙetarewa ta hannunmu zai bi. Masu kai gyaɗa kasuwar Azare, Fulani da maruƙansu, masu zuwa biki, masu ɗauke da mara lafiya. Mu ne 'yan fito, mu ke tura jirgin. Gaɓa biyu ce, kowace da sarkinta. Babana ne Sarkin Fito na gaɓarmu, ɓangaren Azare. Ya'u ne na waccan gaɓar, ɓangaren Katagum.

Sarautar ba gado ba ce kai tsaye. In sarki ya mutu ko ya sauka, 'yan fiton gaɓar ke zama a gindin bishiya, kowa ya faɗi bakinsa, babba da yaro, sannan a kai wa mai gari sunan ya sa albarka. Haka aka zaɓi babana. Haka aka zaɓi Ya'u bayan rasuwar mahaifinsa, yana matashi sosai, da kaɗan ya girme ni.

Muna da wata al'ada a mashigin nan da ban ji ta a wani wuri ba. Kowane sarkin fito yana da gorarsa ta sarauta, wato doguwar sandar nan da ake tura jirgi da ita. Ranar da ruwa ya fara kawowa, sarakunan biyu sai su haɗu a tsakiyar kogi, jirgi ya jeru da jirgi, a gaban jama'a su yi musayar gora. Kowa ya riƙe ta ɗan'uwansa har ruwa ya ja baya, sannan su sake haɗuwa kowa ya karɓi tasa. Ma'anar ita ce: na san kai ne mai waccan gaɓar, kai ma ka san ni ne mai wannan. Wanda aka miƙa wa gora, shi ne sarki a idon kowa.

Ta babana an naɗe mata jar fata a wajen riƙo. Ta Ya'u kuwa tana da zoben ƙarfe a gindi, kuma ta mahaifinsa ce, ita kaɗai ya bar masa da za a nuna a ce ga abin tunawa.

A shekarar da nake ba ku labari, an yi musaya lafiya. Ba a daɗe ba kurkunu ya kama babana a gwiwa. Ku na yanzu ba ku san kurkunu ba, Allah kada ya sa ku sani. Tsutsa ce doguwa ke fitowa daga jikin mutum a hankali, ana naɗe ta a jikin tsinke, ƙato ya koma ba ya iya zuwa ko bayan gida da kansa. Baba ya kwanta a zaure. Ya ce Galadimansa, wato mataimakinsa, ya riƙa duba aiki kafin ya miƙe.

Galadima shi ne mahaifin Buba. Ni da Buba kuwa jirgi ɗaya muke turawa, kwano ɗaya muke ci.

Wata safiya muka sauko bakin ruwa, ba jirgi ko ɗaya a turkensa. An kwance su duka an mai da su gindin gidan Galadima, ga ƙattan danginsa zaune a kansu da sanduna. Da na duba da kyau, har da Buba a cikinsu, ya sunkuyar da kai. Shi kuwa Galadima ya shiga zaurenmu, babana na kwance yana kallonsa, ya miƙa hannu ya zaro gorar Ya'u daga inda aka jingine ta. Ya ce ruwa ba zai jira ƙafar kowa ta warke ba, daga yau shi ne Sarkin Fito.

Ba a zauna ba. Ba a tambayi kowa ba.

Mai gari ya ga mutane na ƙetarewa, gyaɗa na wucewa, ba a fasa wa kowa kai ba, sai ya kau da ido. 'Yan fito masu iyali suka ga abincinsu na cikin jiragen nan, ɗaya bayan ɗaya suka koma aiki. Kafin a ce haka an fara jin “ranka ya daɗe, Sarki” a bakin ruwa.

Abu ɗaya ya rage wa Galadima: gorar babana. Tana can hannun Ya'u. Ranar da Ya'u ya miƙa masa ita a tsakiyar kogi, to an gama da babana, ya zama wani gurgun tsoho da ya taɓa yin sarauta.

Ni kuwa a lokacin wuta ce ni. Har yanzu ma ba wai na huce ba ne, ƙarfi ne ya ƙare. Na tuɓe riga na faɗa kogi na yi iyo har waccan gaɓar. Na tarar da Ya'u yana toshe wata kafa a jikin jirgi. Ban ko gaishe shi ba, na ce, “Sarki, ka ji abin da aka yi mana?”

Ya ce, “Na ji, Sale. Zauna ka yi numfashi.”

Na ce ba zan zauna ba. Na ce ya tara mutanensa, duk jirgin Galadima da ya nufo nan a hana shi tsayawa, a mai da shi inda ya fito. In ya ga ba inda zai sauke mutum, da kansa zai zo ya durƙusa.

Ya ci gaba da toshe kafar jirginsa. Muna nan tsaye sai ga jirgin farko ya taso daga gaɓarmu, Galadima da kansa a tsaye a baya, ya sha sabuwar hula. Jirgin ya cika maƙil, mata da ƙwaryar nono, wani tsoho da akuya, wata da jariri a baya. Ruwa kuwa na gudu sosai ranar. A mashigin nan in ba a kama maka igiya daga tudu ba, ruwa zai ja ka ya kai ka can gangare inda ƙayoyi suke.

Aka wurgo igiya.

Wallahi ina kallo Ya'u ya shiga ruwa har gwiwa ya cafe ta, ya ja, ya ɗaure a turke da hannunsa. Ya karɓi jaririn nan ya riƙe har uwar ta sauko. Sannan ya ɗaga kai ya ce, “Sannu da ruwa, Galadima.”

Galadima ya ce, “Me ka ce?”

“Na ce sannu da ruwa, Galadima. Yaya ƙafar Sarki?”

Wurin ya yi tsit, har akuyar ta yi shiru. Galadima ya sa aka kwance igiya ya juya.

Ni ban ga abin burgewa ba a ranar, igiyar da ya kama kawai nake gani. Na ce, “Haba Sarki! Ɓarawo ya zo da kayan sata ka kama masa igiya?”

Ya ce, “Matar nan mai jariri, me ta ƙwace wa babanka?”

Na ce ba ita nake nufi ba.

Ya ce, “To ita ce a cikin jirgin. Igiya ta mutanen ciki ce, duk wanda ya wurgo zan kama. Gora kuwa ta sarki ce. Je ka gaya wa Baba tana nan inda ya ajiye ta.”

Ya ba ni rigarsa na sa, don tawa na can ƙetare. Ya sa aka ba ni fura. Da zan tafi ya ce in ba ni da jirgin da zan tura a gida, in zo in tura nasa. Haka na zama ɗan gaɓarmu mai aiki a gaɓarsu, kuma har na bar sana'ar bai taɓa bari wani ya ce mini baƙo ba.

Kowace Juma'a sai ya zaɓi kifi mafi girma ya ba ni, ya ce, “Kai wa Sarki.” Da ƙarfi yake faɗa, don masu saukowa daga jirgin Galadima su ji.

Da ruwa ya fara ja baya, ranar mai da gora ta zo. Galadima ya shirya abin sosai. Ya ɗauko makaɗa, ya sa babbar riga, gaɓar nan tamu ta cika da mutane. Buba ne ke tura masa jirgi. Ni ne ke tura na Ya'u. Muka haɗu a tsakiya, gefen jirgi na gugar gefen jirgi, ni da Buba kowa na kallon ruwa.

Galadima ya ɗaga gora mai zoben ƙarfe sama, ya ce, “Ga taka. Ina tawa?”

Ya'u ya buɗe hannuwansa, ba komai a ciki. Ya ce, “Ban zo da ita ba, Galadima. Na zo ne don kada a ce na raina ka. Wanda ya ba ni ita da hannunsa yana nan da rai. In 'yan fitonku sun zauna sun ce ba sa yi da shi, sun zaɓe ka, gobe-goben nan zan kawo maka har da goro. An zauna?”

Galadima ya ce, “Jirage na hannuna. Mutane na hannuna. Mai gari bai ce uffan ba. Wane zama kuma ya rage?”

“Wanda ba a yi ba.”

Kai, jama'a! Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ya'u yaro ne fa, Galadima ya isa ya haife shi, kuma muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

Galadima ya girgiza gorar da ke hannunsa, ya ce, “Ka san ta waye wannan? Ta ubanka ce. In ba ka kawo mini waccan ba, da ita za a dafa mini tuwo.”

Ina bayan Ya'u, na ga wuyansa ya yi ja, na ga jijiyar ta taso. Ya daɗe yana kallon zoben ƙarfen nan. Ni da na san yadda yake shafa mata mai da hannunsa, har na fara cewa a raina shi ke nan, zai sallama, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Sai ya ce, “Allah ya sa tuwon ya yi daɗi. Sale, juya mu.”

Na juya mu. Makaɗa suka rasa abin da za su kaɗa. Da muka isa tudu ya wuce bayan wata bishiya shi kaɗai, ya jima bai fito ba. Da ya fito idonsa ja wur, ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa.

Washegari Galadima ya sa doka: jirgin Ya'u zai iya sauke mutane a gaɓarmu, amma ba zai ɗauki ko akuya daga can ba. Sai mu kai a cike mu dawo fanko, su kuwa su zo a cike su koma a cike, don Ya'u ya ƙi ramawa. Ya ce ba zai tsai da mai zuwa asibiti ba saboda hular wani.

Damina ta gaba mutanensa suka gaji. Suka same shi a gindin bishiyarsu, ni ma ina wurin. Wani dattijo a cikinsu ya ce, “Sarki, mu fa ba mu da rigima da kowa. Wanda ke riƙe da jirage shi ne sarki, ko mun so ko mun ƙi. Sanda ce fa kawai. Ka ba shi mu huta, yaranmu na kwana da yunwa a kan rigimar wata gaɓa.”

Gaskiya ya faɗa, akwai yunwa, ni shaida ne.

Ya'u ya ce, “Baba, na ji. Amma in na miƙa, na sanar da kowa a kogin nan cewa hanyar zama sarki ita ce ka jira mai sarauta ya kwanta ciwo. Ni ma mutum ne, zazzaɓi na kama ni. A cikinku wa zan riƙa juya wa baya?” Sannan ya ce, “Ku kuka zaɓe ni. In kun ga na cuce ku, ga mu a zaune, ku cire ni yanzu, wanda kuka sa ya je ya miƙa. Ba zan yi fushi ba. Amma da hannuna dai a'a.”

Suka kalli juna. Ba wanda ya ce a cire shi. Dattijon nan ya tashi yana karkaɗe riga yana cewa, “Taurin kan ubansa ne, ba shi da magani.”

Babana ya warke, amma gwiwar ta sandare, bai ƙara tura jirgi ba. Ya'u ya ƙetaro ya same shi a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce in yana so ya kawo masa gorarsa har gida. Baba ya ce, “A'a, Sarki. In ta shigo gaɓar nan kafin ta kwana an ƙwace. Bar ta can. Muddin tana hannunka, ni ne Sarkin Fito.”

A haka ya rayu 'yan shekarun da suka rage masa. Ba jirgi, ba masu gaisuwa, amma kansa a ɗage.

Ranar da ya rasu, Ya'u ya ƙetaro da mutanensa kaf, suka bar jirage a ɗaure. Bayan an dawo daga maƙabarta, ana zaune, Galadima na kan babbar tabarma, Ya'u ya miƙe ya ce, “Jama'a, a yi wa Sarkin Fiton gaɓar nan addu'a, yau ya bar gadon sarautarsa.” Kowa ya ɗaga hannu. Galadima ma ya ɗaga.

Wannan kaɗai ya ishe ni in so mutumin nan har in mutu.

Kada ku ce na zo ɓata mamaci. Galadima gwanin ruwa ne, ba a taɓa rasa rai a hannunsa ba. Shi ya kawo babban jirgi na farko a mashigin nan. Ya daɗe yana riƙe da gaɓar, yaran da suka taso ba su san wani sarki ba sai shi. Da ruwa ya taɓa cinye masa jirgi ɗaya, Ya'u ne ya shiga da mutanensa suka tsamo. Suna gaisawa, suna sallar Idi sahu ɗaya. Amma kowace shekara in ruwa ya kawo, Galadima sai ya aiko a tambaya, Ya'u kuma sai ya mai da amsa ɗaya: “An zauna?”

Ba a taɓa zama ba. Ni dai a ganina Galadima tsoron zaman yake, alhali da ya kira zaman a shekarunsa na ƙarshe, da wataƙila shi za a zaɓa.

Sai gada ta zo ta cinye sana'ar baki ɗaya. Jirage suka ruɓe a kan yashi. Na koma Azare na shiga tuƙin mota, daga baya na buɗe shago. Galadima ya rasu, Ya'u na sahun gaba a jana'izarsa, ya ce Allah ya jiƙan Galadima. Ko a kan kabari bai ƙara masa girma ba, bai kuma rage masa ba.

Duk haihuwar da aka yi mini sai ya zo suna, da bandar kifi a buhu. Da kifin kogin ya ƙare sai ya koma zuwa da kaza. In ya shigo shagona sai ya ce wa masu ciniki, “Ku yi hankali da Sale, wannan da kuke gani ya taɓa ƙetare kogi da iyo don ya zage ni.”

Bayan na yi furfura na je na ce masa, “Sarki, ba ruwa, ba jirgi, ba Galadima. Ba ni gorar babana in ajiye.”

Ya ce, “A matsayin wa?”

Na ce, “A matsayin ɗansa mana!”

Ya ce, “An zauna an zaɓe ka?”

Wallahi na yi fushi na gaske. Na ce ashe duk shekarun nan ba don babana yake yi ba. Ya ce, “Don shi ne. Shi ya sa ba zan ba ka ta bayan gida ba. In na hana mai ƙarfi na ba mai gado, me na tsare?” Na fita ban yi masa sallama ba. Mako bai zagayo ba sai ga kaza.

A shekarun nan na ƙarshe, in rediyo ta kawo labarin sojoji sun ƙwace mulki a wata ƙasa, ana ta muhawara ko duniya ta amince da su ko a rufe musu iyaka, sai ya bugo mini. Yana son gardamar nan ƙwarai. Ni kullum ina cewa a toshe ko'ina har sai sun sauka. Shi kuma ya ce, “Har yanzu kana nan da halinka. In an hana magani da hatsi shiga, mai bindigar ne zai kwana da yunwa? A kama wa mutanen ciki igiya. Amma kada a yi gaggawar shimfiɗa masa tabarmar sarakuna, har sai mutanensa sun zauna sun faɗi bakinsu ba bindiga a kansu.” In na ce ai wanda aka tumɓuke ɗin ma ba mutumin kirki ba ne, sai ya ce, “To su cire shi a zaune. Ni ma ai na ce a cire ni.”

Ban ce ya warware wa duniya matsalarta ba. Na dai san shi ya biya kuɗin ra'ayinsa da gorar mahaifinsa, bai kuma taɓa yi wa kowa gori ba.

Ganina da shi na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Ya rame, ido ya tafi, amma kai garau. Ya sa aka ɗaga labule ya nuna mini saman ɗakinsa. Gorar babana tana nan a rataye, ta yi baƙi da mai, jar fatar ta koma ruwan ƙasa. Ya ce har bana ya shafa mata mai saboda gara.

Ya ce, “Sale, na ƙirga. A 'yan fiton gaɓarku ku biyu kuka rage, kai da Buba. Ni ba ɗan gaɓarku ba ne, ba ni da baki a ciki. Ku zauna ku zaɓi ɗaya, in miƙa in huta. Na gaji da riƙon amana.”

Na ce, “Ni in zauna da Buba? Wanda ya hau jirgin babana da sanda?”

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Mai wuta. To Allah ya kai mu.”

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni.

Yanzu in dawo kan wayar safen nan. Da Buba ya gama faɗa mini rasuwar, na ɗauka zai kashe. Sai ya ce, “Malam Sale, ni ma ya kira ni bayan Sallah. Abin da ya gaya maka shi ya gaya mini.”

Na ce, “To?”

Ya ce, “To ga mu a zaune, ko da a waya ne. Mu biyu ne. Ni na zaɓe ka.”

Kafin in buɗe baki ya riga ni.

Ya ce, “Akwai kuma wani abu. Babana bai ƙona gorar Sarki Ya'u ba. Ya sa ta a murhu sau ɗaya a gabana, ya zaro ta kafin ta kama. Da zai rasu ya ce in ajiye. Tana ɗakina, da zobenta. Na sha ɗauka in kai wa Sarki Ya'u, kunya ta mai da ni.”

Nan ne na yi kuka, ban ɓoye muku ba. Mutumin nan ya tafi yana zaton an dafa tuwo da gorar mahaifinsa, kuma ko sau ɗaya bai ce ya yi nadama ba.

Na ce wa Buba, “Na karɓa. Sarkin Fito ba ruwa ba jirgi. Umarnina na farko, ɗauko ta ka biyo ta nan mu tafi tare.”

Ya ce, “An gama, ranka ya daɗe.”

Yana hanya yanzu, an ɗaura ta a saman mota. In an sauko daga maƙabarta za mu tsaya a kan gada, daidai tsakiyar kogi, mu miƙa wa 'ya'yansa gorar kakansu, ni kuma in karɓi ta babana. An zauna, Sarki. Mun makara, amma an zauna.

Ya Allah, bawanka Ya'u ya riƙe amana har ƙarshen numfashinsa, bai miƙa ta don tsoro ba, bai miƙa ta don so ba. Bai taɓa barin igiyar kowa ta faɗi ruwa ba. Ka karɓe shi da rahama, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ƙetarar da shi lafiya. Ka jiƙan babana. Ka jiƙan Galadima.

Duk wanda ya karanta har nan, ba laik nake nema ba. Ka ajiye wayar, ka ɗaga hannu ka roƙa wa Sarki Ya'u gafara. In akwai tsoho a gidanku da ya taɓa ƙetare kogin nan kafin gada, ka gaya masa wanda ya kama masa igiya ya tafi, shi ma ya sa shi a addu'a.